Filin da ba a gina ba: amfanin itatuwa a sababbin unguwannin birni

Wannan shafi ya saba da zancen gona da garka da lafiyar iyali a karkara. A wannan karo za mu leƙa birni, amma ba tsakiyarsa ba. Za mu tsaya a bakin gari, inda sababbin unguwanni suke tsirowa a kan gonakin jiya. Da yawa daga cikinmu can muke zaune yanzu. Wanda ba ya can kuwa, yana da ɗa ko ƙane da ya sayi fili yana tara bulo.

Biranenmu suna girma da sauri. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai kimanin 30,000 ne. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. A wannan ƙidaya birnin Maraɗi ya wuce mutum 260,000. Damagaram da Tawa su ma kullum faɗaɗa suke yi. Kowane sabon magidanci yana bukatar wurin kwana, kuma daga gona ake yanko wurin.

Mun san yadda sabuwar unguwa take farawa. Ana yanka gona fegi-fegi, a kafa turakun siminti, a sayar. Aikin farko na mai sabon fegi shi ne sara. Gawon da ya daɗe yana ciyar da gero sai ya faɗi cikin yini ɗaya, aduwa da kalgo su bi shi. Daga nan sai katanga, sai ɗaki, sai kwano. Maƙwabci ma haka zai yi. Bayan ƴan shekaru an samu unguwa cike da gidaje, amma babu inda tsoho zai shimfiɗa tabarma da hantsi. Idan wani fili ya rage ba a gina shi ba, sai mu ce kango ne, mu mai da shi juji. Alhali kuwa wannan fili, idan yana da itatuwa da masu kula, yana yi wa lafiyar unguwa aikin da kuɗi ba su iya saye a kantin magani.

Zafi, ƙura da ruwa

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a kudancin ƙasarmu yakan wuce digiri 40, wani lokaci ya kai 45. Icce yana rage wannan zafi ta hanya biyu. Ta farko kowa ya san ta: ganye yana tare rana. Ta biyu ba a ganinta da ido. Saiwa tana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ruwan ya hau har ganye, ya fita ta wasu ƙananan ƙofofi ya bi iska. Fitar ruwan nan ita ke sanyaya wurin, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha saboda tsattsafowar da take yi, ko yadda gumi yake sanyaya jiki. Shi ya sa inuwar icce ta fi inuwar rumfar kwano daɗi, ko da faɗinsu ɗaya.

Siminti da kwano kuwa akasin haka suke yi. Suna shan zafi yini guda, da dare su amayar da shi cikin ɗaki. Unguwar da ba ta da itatuwa ba ta hucewa sai goshin asuba. Mai ƙarfi yana jurewa. Waɗanda zafi ya fi kayarwa su ne tsofaffi, da jarirai, da mata masu ciki, da masu hawan jini ko ciwon zuciya. Idan mutum ya fara ciwon kai da jiri a lokacin bazara, ko ya rikice yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa nan take. A sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa ya sha kaɗan-kaɗan. Sa'an nan a gaggauta kai shi gidan likita. To, wannan inuwar ta farko, a ina za a same ta idan an sare komai?

Sai ƙura. Daga hunturu har zuwa bazara iska tana kwaso ƙura daga gabas da arewa. Ƙurar nan tana busar da hanci da maƙogwaro, tana tayar da tari da ciwon ido, tana wahalar da masu fuka. A wannan lokaci ne kuma sanƙarau yakan ɓarke, kamar yadda ya yi a Yamai a 2015. Layin itatuwa yana karya ƙarfin iska, ganyensa ya riƙe wani kaso na ƙurar. Duk wanda ya shafa ganyen dogon yaro na bakin hanya a watan Fabrairu ya ga shaida a hannunsa. Amma mu faɗi gaskiya: icce ba ya hana sanƙarau. Allurar rigakafi ce take kare mutum, kuma ba abin da yake maye gurbinta.

Maganar ruwa ita ce mutane suka fi mantawa da ita, domin a rani ake sayen fili. Gona tana shan ruwan sama. Saiwoyi suna buɗe ƙasa, ganyen da ya zuba yana rage gudun ruwa, sai ya nutse ya je ya ciyar da rijiyoyi. Rufin kwano da daɓen siminti ba su shan ko ɗigo. Duk ruwan da ya sauka a kansu sai ya fito titi, ya haɗu da na maƙwabta, ya zama ƙorama. Ita ce take yanke hanya, ta ci gindin katanga, ta taru a gidan wanda yake gangare. Tsofaffin Maraɗi sun san labarin 1945, shekarar da ambaliya ta rushe tsohon gari a cikin kwarin gulbi, har aka tayar da mutane zuwa tudu. A ƙarshen watan Agusta na 2024 kuma ruwan sama mai yawa ya rushe gidaje a birnin, aka yi asarar rayuka. Ba mu ce itatuwa kaɗai za su iya tare irin wannan ruwa ba. Sai da magudanan ruwa, sai kuma an daina gini a kan hanyar ruwa. Amma kowane fili da aka bari a buɗe yana shanye rabonsa, kuma abin da ya sha ba zai shiga ɗakin kowa ba.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da ma'auni. Yaran da ba su da filin wasa a titi suke buga ƙwallo, tsakanin kabu-kabu da amalanke. Idan suna ya tashi, ko biki, ko zaman makoki, sai a toshe hanya da rumfa. Ajin karatun manya ma sau da yawa a gindin icce yake farawa kafin a samu ɗaki. Mutanen Yamai sukan kai yara gidan tarihi na Bubu Hama ranar salla, su sha inuwa su ga namun daji. Wannan abu ne mai kyau, amma sau nawa a shekara? Uwar da take bakin gari tana bukatar inuwar da yaronta zai je da ƙafa, ta kuma iya hango shi daga ƙofar gida.

Ɗamarar itatuwa ta Yamai

Ƙasarmu ta taɓa yin babban aiki a kan wannan batu, kuma ya kamata kowa ya san labarinsa. A 1965 aka fara dasa itatuwa a bayan birnin Yamai, ta gefen arewa da gabas, inda iska mai ƙura take fitowa. An tsara su yi wa birnin ɗamara mai tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita 1, wato hekta 2,500. Da Faransanci ana kiranta «Ceinture verte», ma'ana koriyar ɗamara. Yawancin abin da aka dasa dogon yaro ne, wanda wasunmu suke kira bedi, wasu maina. An ci gaba da dashen har farkon shekarun 1990. Manufar ita ce a tare iska da ƙura, a samu iccen wuta, a kuma samu wurin shan iska.

Itatuwan sun kama, sun girma. Amma yau ɗamarar ba ta bayan gari. Birnin ya tsallake ta, ta koma cikinsa, kuma babban kaso nata ya tafi. Inda dā ake ganin layukan dogon yaro, yanzu akwai gidaje, da bukkoki, da garejin gyaran mota, da tulin shara.

Me ya kawo haka? Ba fari ne ya ci ta ba. Gonakin da aka yi dashen a kansu suna da masu su, wato iyalan tsofaffin ƙauyukan da birnin ya haɗiye. Ba a gama maganar diyya da su ba. Lokacin da ƙasa ba ta da tsada, ba wanda ya damu ƙwarai. Da gari ya iso, fegi ya yi kuɗi, sai magada suka ce gonar kakanninsu ce, aka shiga yanka ana sayarwa. Masu neman iccen wuta suna sara da dare. Marasa wurin zama suka kafa bukkoki. Mutanen unguwannin da ke kewaye kuwa ba su ɗauke ta tasu ba. A wurinsu dajin gwamnati ne, wurin zubar da shara da maɓoyar ɓarayi. Ma'aikatan gandun daji kaɗan ne, ba su iya tsaron kilomita 25 dare da rana. Hukumomi sun sha tayar da masu mamaya, sun sha yin alkawarin ceto abin da ya rage, amma icce ɗaya da aka sare a daren jiya sai an shekara goma kafin a mai da kamarsa.

Yanzu mu dubi abin da ya faru a karkara a kusan wannan zamani. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A cikin shekarun nan ne manoman jihar suka fara abin da muke kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone, sai manomi ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya gyara su, ya bar su su girma. Ba a sayi iri ba, ba a ɗebo ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A kwarin Majiya kuma, cikin jihar Tawa, tun 1975 aka dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, mutanen ƙauyuka suka shiga aikin tsaronsu.

Bambancin a fili yake. A gona kowane icce yana da mai shi. An san wanda zai yi fushi idan aka taɓa shi, an san wanda zai ci amfaninsa. Ɗamarar Yamai kuwa ta kowa ce a baki, amma ba wanda aka sani da ita. A ganinmu wannan shi ne abin da mutanen sababbin unguwanni za su ɗauka daga labarin. Da yawansu manoma ne, ko ƴaƴan manoma, sun san sassaben zamani tun daga gida. Abin mamaki ne mutum ya rene gawo a gonarsa ta ƙauye, ya zo birni ya sare wanda ya tarar a cikin feginsa.

Abin da ake faɗa a kan itatuwa

Masu ƙin icce a gida suna da dalilansu, kuma bai kamata a yi musu dariya ba.

Suna cewa icce yana kawo sauro. Sauro ba ya haihuwa a kan ganye. A cikin ruwa mai kwanciya yake zuba ƙwai, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan ya zama sauro mai tashi. Ramin da aka haƙa don buga bulo, tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen tulu, ruwan wanka da ya kwanta a bayan katanga: nan ne gidan haihuwarsa. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce, sauro yakan fake da rana a cikin ciyawa mai duhu da rassan da suka sauko ƙasa. Maganin wannan shi ne a nome ciyawa da damina, a datse ƙananan rassa, a cike ramuka. Sa'an nan kowa ya kwana cikin gidan sauro, da icce a gidan ko babu.

Suna cewa fili mai itatuwa yana tara macizai da ɓata-gari. Filin da aka yi watsi da shi ne yake tara su. Shara tana kawo ɓera, ɓera yana kawo maciji. Ɓarawo kuma yana son wurin da ba a ratsawa. Idan an ɗaga rassa sama da tsawon mutum, ana hango wancan gefe daga wannan gefe, dattawa suna zama, mai shayi ya kafa tebur, ba wanda zai mai da wurin maɓoya.

Maganar saiwa kuwa gaskiya ce. Dogon yaron da aka dasa jikin katanga zai tsaga ta, wanda aka dasa kusa da salga zai shiga cikinta. Laifin na wurin dashen ne. Babban icce yana son a ba shi tazarar mita 4 ko 5 daga gini, kuma kada a sa shi ƙarƙashin wayar lantarki.

Takardar unguwa

Duk unguwar da hukuma ta yanka bisa ƙa'ida tana da taswira a ma'aikatar magajin gari. A cikin taswirar ba gidaje kaɗai ake zanawa ba. Ana keɓe wurin makaranta, da gidan likita, da kasuwa, da filin itatuwa. Da Faransanci ake rubuta su. Ga kalmomin da ya kamata mu gane ko da ba mu jin harshen: «espace vert», wato koren fili, da kuma «réserve», wato wurin da aka ajiye don amfanin jama'a. Mu kwafe su a littafinmu. Wanda ya iya karanta wannan shafi zai iya gano su a kan taswira.

Irin waɗannan filaye ba a rana ɗaya suke ɓacewa ba. Yau wani ya zuba yashi a kusurwa, ya ce na ɗan lokaci ne. Gobe wani ya kafa rumfa. Jibi a wayi gari a ga an haƙa tushe, a ce wurin yana da takarda. Idan gini ya kai taga, magana ta yi wuya. Saboda haka tun unguwa tana sabuwa ya kamata mai unguwa da liman da wakilan mata da na matasa su je tare su nemi ganin taswirar. Su san iyakar filin, su nuna wa kowa, su rubuta ranar da sunan ma'aikacin da ya nuna musu. Daga nan su nemi izinin dasa itatuwa a kan iyakar, tare da shawarar ma'aikatan gandun daji. Filin da aka kewaye da itatuwa masu rai, yara suna wasa a ciki, ya fi wuyar sayarwa a ɓoye bisa ga wanda leda ta rufe.

Leda ma tana da nata laifi. Tana toshe magudanar ruwa, tana hana ruwa nutsewa, tumaki da awaki suna cinta su rame har su mutu. Tun 2014 aka kafa dokar hana shigowa da ita da sayar da ita a Nijar, amma kowa yana ganin abin da ke maƙale a ƙayoyin bakin gari. Unguwar da take son filinta sai ta tsai da wurin zubar da shara dabam, ta kuma sa ranar shara.

Bayan haka a raba itatuwan. Kowane gida da ke fuskantar filin ya ɗauki biyu ko uku, a rubuta sunan maigida da lambar iccensa. Shi zai ba shi ruwa, shi zai gyara shingensa, shi ne kuma zai fara cin ƴaƴansa da rassan da aka datse. Kada a manta da mata a wannan rabo. Su ne suke gida da rana, su ne suke ganin akuyar da ta shiga shinge, kuma a hannunsu ruwa yake.

Wane icce, kuma yaya?

Dogon yaro ya cancanci yabo. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, amma ya zama ɗan gida. Yana girma da sauri, yana jure fari, ba ya rabuwa da ganye. Duk da haka kada a cika unguwa da shi kaɗai. Wajen 1990 da 1991 an ga dogon yaro yana kakkaɓe ganye yana bushewa a wurare da dama na ƙasar nan, hankalin mutane ya tashi. Idan iri ɗaya ne a ko'ina, cuta ɗaya tana iya kwashe inuwar gari duka. A gauraya.

Gawo yana da halin da ya dace da mu: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, lokacin da aka fi bukatar inuwa. Ƴaƴansa kuma abinci ne ga ragon da ake turkewa a gida. Yana cikin itatuwan da dokar daji ta hana sarewa ba da izini ba. Wanda ya tarar da gawo a feginsa, ya zauna da magini su tsara ɗakunan yadda za su kauce masa. Inuwar shekara 30 ce ya samu kyauta. Tsamiya da maɗaci suna da jinkiri, amma su ne itatuwan babban fili, waɗanda jikoki za su zauna ƙarƙashinsu. Sai dai a hana masu ɓare ɓawon maɗaci don magani su zagaye gindinsa, domin iccen da aka ɓare kewaye mutuwa yake yi. Kurna da magarya suna ba yara abin tsinka. Aduwa tana da ƙaya, a sa ta a kan iyaka, nesa da wurin wasa. Mangwaro da lemo sai inda ruwa yake kusa. Iccen turare yana shan ruwa da yawa, kada a sa shi kusa da rijiya ko garka.

A cikin gida kuwa ba abin da ya kai zogala. Ba ta cin wuri, saiwarta ba ta fasa gini, cikin ƴan watanni ake fara tsinkar ganyenta. Ganyen yana da sinadaran da suke taimakon jini da ido, yana da amfani ga mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye. Manoman Jiratawa kusa da Maraɗi suna nomanta suna aikawa har kasuwannin Yamai. Abin da ake saye a kasuwa, ana iya samunsa a bayan madafa. A riƙa datse kanta idan ta kai tsawon mutum, don ta yi rassa ganyen ya zo kusa da hannu. Kuka ma ana iya renonta a gajarce don miya, ba sai ta zama irin manyan kukokin Mirya ba.

Tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasar nan ranar 3 ga Agusta. Dashe ba shi da wuya. Abin da ya fi wuya shi ne icce ya ga damina ta biyu. Ga abin da yake taimaka masa.

A haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, tun kafin ranar dashe. A ware ƙasar sama, a gauraya ta da taki wanda ya ruɓe sosai, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke gindin ledar da iccen ya zo a ciki, a tsaga ta a cire gaba ɗaya, ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba. Ana yawan ganin icce ya tsaya bai mutu ba bai girma ba, idan aka tona sai a tarar da shi cikin ledarsa. A danne ƙasa da ƙafa, a yi masa ɗan gurbi kewaye don ruwa ya tsaya, a rufe gurbin da busasshen ganye ko kara. An fi son dashe da yamma, bayan an yi ruwa mai kyau. Wanda ya samu iri tun watan Yuli, kada ya jira ranar biki, domin kowane mako na damina riba ne ga saiwa.

A ranar da aka dasa, a ranar za a yi shinge. Akuyar birni ba ta ba da wa'adi. Ƙaya, ko tsofaffin bulo da aka jera da ƴan ƙofofi don iska, ko tsohuwar ganga da aka fasa gindinta, duk suna yi.

Ruwa shi ne babbar magana, domin a sabuwar unguwa sau da yawa famfo bai iso ba, daga ƴan garuwa ake saye. Ba mu ce a sayi ruwa don icce ba. Ruwan alwala, da na wanke hatsi, da na ɗauraye kwanuka sun isa icce ɗaya ko biyu. A kafa wurin alwala a gindinsa. Ruwan wanki mai omo da yawa ne kawai za a kauce wa. Akwai kuma dabarar tulu: a binne tulun ƙasa kusa da iccen har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa don kada sauro ya shiga. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. A rani na farko ne da na biyu icce yake bukatar wannan hidima. Bayan nan dogon yaro da gawo da kurna suna neman ruwansu da kansu.

Idan ya girma kuma, a datse shi da wuƙa ko zarto mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, kada a fizge reshe ya tafi da ɓawo. Rassan da aka datse na mai iccen ne, su shiga murhu. Gidan da yake girki da murhu mai tattalin icce, irin Mai Sauƙi da aka yaɗa tun shekarun 1980, ko da gas, ya rage wa itatuwan bakin gari gatari.

Aiki na ƙarshe na masu alƙalami ne. A samu littafi ɗaya na unguwa. A shafin farko a rubuta ranar dashe, da irin kowane icce, da sunan mai kula da shi. A ƙarshen watan Mayu, lokacin da zafi ya gama gwada su, a zaga a ƙidaya waɗanda suke da rai. Inda icce ya mutu a rubuta dalili: akuya, ko ƙishirwa, ko gara, ko hannun mutum. Da wannan lissafi za a je gidan renon itatuwa a watan Yuni a nemi adadin da za a cike gurbi da shi.